Yadda Ake Girbin Inabi da Matse Shi a Ƙaramar Gona

Inabi ba ya ƙara nuna bayan an yanke shi. Akwai 'ya'yan itatuwan da ake tsinka da ɗanyensu a ajiye su ƙarasa nuna a ɗaki, amma inabi ba ya cikinsu. Zaƙin da yake da shi ranar da almakashi ya taɓa shi, da shi zai tafi. Sannan da zarar ƙwaya ta fashe ruwanta ya fito, iska da zafi da yisti sun kama aiki a kansa, kuma ba sa jiran kowa. Waɗannan abubuwa biyu ne suke juya duk aikin kakar inabi: kafin yanka haƙuri da awo, bayan yanka sauri da sanyi da tsabta. Mai ƙaramar gona, wanda ba shi da ɗakin sanyi babba ko ma'aikata masu yawa, shi ya fi kowa bukatar tsara kwanakin nan tun kafin su zo.

Bayanin nan zai bi inabi daga jikin kuranga har zuwa kwalbar ruwan inabi wanda bai tsimu ba. Masu yin giya da masu yin ruwan khal hanya ɗaya suke bi da mai ruwan sha har zuwa wajen matsa, daga nan kowa ya kama gabansa, kuma zan nuna inda hanyoyin suka rabu.

Tun daga ranar da launi ya fara juyawa

Alamar farko ita ce ƙwayoyin su fara laushi, masu ja su fara ɗaukar launi, farare kuma su bar kore shar su koma ruwan ɗorawa mai sheƙi. Daga nan zuwa yanka yawanci makonni 6 zuwa 8 ne, gwargwadon irin inabin da yanayin shekarar. Manoman Faransa suna da wani tsohon lissafi, cewa daga fure zuwa girbi kwana 100 ne. Lissafin yana taimakawa wajen shiri, amma ba a yanka a kansa. A ƙasashen arewacin duniya kakar takan faɗo tsakanin Agusta da Oktoba, a na kudu irin su Chile da Afirka ta Kudu da Ostireliya kuma tsakanin Fabrairu da Afrilu.

A wannan lokacin ka yi abubuwa huɗu. Ka rufa raga saboda tsuntsaye, don su ma launin suke jira, kuma ƙwayar da tsuntsu ya caka ita ce ƙofar rina da ƙananan ƙudaje da ruɓa. Ka rage ganyen da ya lulluɓe nonnan inabin ta ɓangaren da ranar safe take bugawa domin iska ta ratsa, amma ka bar na ɓangaren ranar yamma, don rana tana ƙona fatar inabi. Ka rage ban ruwa, kada dai ka bar kurangar ta yi yaushi, domin ganyen ne yake ƙera sukarin. Na huɗu, ka ɗauko duk maganin feshin da ka yi amfani da shi ka karanta jikin kwalbar. Kowane magani yana da adadin kwanakin da dole su wuce tsakanin feshi na ƙarshe da girbi. Ka rubuta ranar da wa'adin zai cika, ko da inabin ya nuna kafin nan, ka jira.

Ka kuma ƙiyasta abin da za ka samu. Zaɓi kurangu 15 ko 20 a wurare daban-daban, ka ƙirga nonnan da ke jikinsu, ka auna nauyin wasu, ka fitar da matsakaici. A ce kana da kurangu 300, kowace tana ɗauke da kilo 4, kilo 1,200 ke nan. Kilo 100 na inabi yakan ba da lita 60 zuwa 70 na ruwa a ƙaramin injin matsa, don haka kana bukatar mazubin lita 700 zuwa 850, da kwanduna 80 idan kowane zai ɗauki kilo 15. Wanda bai yi wannan lissafin ba, shi ne za ka gani da tsakar dare yana neman bokitin da zai tari ruwa.

Yadda ake gane ranar yanka

A nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin kuskuren da aka yi a nan ba ya gyaruwa a wajen matsa.

Fara ɗaukar samfuri sau ɗaya a mako, idan lokaci ya matso ka koma duk bayan kwana biyu ko uku. Yadda ake ɗaukar samfurin ya fi na'urar awon muhimmanci. Ido yakan kai hannu wajen ƙwayar da ta fi kyau, wadda ke waje tana shan rana, kuma ita ce ta fi zaƙi. Idan irinta kaɗai ka tara, awonka zai nuna gonar ta nuna alhali da saura. Saboda haka ka bi layi ka tsinki ƙwaya 100 zuwa 200, daga ɓangarorin layin biyu, daga saman nono da tsakiyarsa da ƙasansa, daga na rana da na inuwa. Ka tsallake kurangun bakin layi, don sun fi sauran samun rana. Ka riƙa ɗauka a lokaci ɗaya, da safe bayan raɓa ta bushe, kuma kowane irin inabi da nasa samfurin. Zuba su a leda mai tsabta, ka murje su da hannu, ka tace ruwan.

Sukari ana auna shi da digirin Biriks. Digiri ɗaya yana nufin giram 1 na sukari a cikin giram 100 na ruwan. Ƙaramar na'urar da ake kira rifiraktomita ita ta fi sauƙi a gona: ka ɗiga ɗigo biyu a kan gilashinta, ka rufe, ka leƙa ta wajen haske, inda layin inuwa ya tsaya shi ne adadin. Kafin ka fara ka gwada ta da tataccen ruwa, dole ta nuna sifili. Akwai kuma haidiromita, wadda ake tsomawa cikin doguwar kwalba, tana auna nauyin ruwan. Idan ta nuna 1.083, kimanin Biriks 20 ke nan.

Adadin da ake nema ya danganta da abin da za a yi. Inabin ci da hannu yakan yi daɗi daga 16 zuwa 20. Irin Concord, wanda aka fi yin ruwan inabin kwalba da shi a Amurka, ana yankarsa a wajen 16. Wanda za a shanya ya zama zabibi ana son ya kai 20 ko fiye, domin yawan sukarinsa shi ne yawan nauyinsa bayan ya bushe. Masu giya sukan jira 21 zuwa 25.

Sai tsami. Yayin da sukari yake hawa, tsami sauka yake yi, kuma a wuri mai zafi saukarsa da sauri take. Ruwan inabin da tsaminsa ya zube zaƙi ne kawai salam, ba ya kashe ƙishi, kuma ya fi saurin lalacewa, don tsamin ne yake hana ƙwayoyin cuta sakewa. Ma'aunin pH na hannu, wato na'urar awon tsami wadda adadinta yake hawa idan tsami ya sauka, ya isa. Tsakanin 3.1 da 3.5 wuri ne mai kyau. Idan ka ga ya doshi 3.7, ka makara ko kana gab da makara, ko da sukarin bai kai inda kake so ba. A ra'ayina, ga mai ruwan sha, gara a yanka da ɗan sauran tsami da a bari zaƙi ya yi yawa.

Na'ura ba ta maye gurbin baki da ido ba. Ka tauna ƙwayar gaba ɗaya. Fatar da ta nuna tana narkewa a baki, ɗanya kuwa tana da tauri da ɗanɗanon ganye. Ka tofar da 'ya'yan cikin a tafin hannu: idan kore ne masu bauri da ɗaci, da saura, idan sun koma ruwan ƙasa suna ƙaras-ƙaras a haƙori, sun ƙosa. Karan da ya riƙe nonon shi ma yakan fara komawa ruwan ƙasa. Ƙwayar da ta nuna tana fita daga tsinkenta ba gardama.

Abu ɗaya da yake ruɗin mutane: idan aka yi kwanaki ana zafi mai tsanani, adadin Biriks yakan yi tsalle, ba don inabin ya ƙara nuna ba, sai don ruwansa ya ƙafe. Za ka ga fatar ta fara yamushewa. Wannan ba nuna ba ne, bushewa ce, kuma jira ba zai ƙara maka komai ba sai asarar nauyi.

Ruwan sama kuma shi ne babban abin tsoro. Saiwa takan zuƙi ruwa, ƙwayoyin su kumbura, zaƙi ya tsarma, masu siririyar fata su tsage, fumfuna ta shiga. Idan inabinka ya kusa kaiwa kuma an yi hasashen ruwa mai yawa, ka yanka kafin ya sauko. Idan ruwan ya riga ka kuma ƙwayoyin ba su tsage ba, ka ba shi kwana biyu ko uku na rana ya dawo hayyacinsa. Idan sun tsage, babu sauran jira.

Kwana biyu kafin yanka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fito da komai: almakasai, kwanduna, injin farfasawa, injin matsa, mazubai, mesa, ƙyallen tacewa, sikeli, ma'aunin zafi, kwalabe da murafu. Ka kunna injinan ka ji kukansu, ka zuba ruwa a mazubai ka ga ko suna yoyo.

Duk abin da ruwan inabi zai taɓa ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, ko gilashi, ko robar da aka yi don abinci. Tsamin inabi yana cin baƙin ƙarfe da tagulla da sanholo da kwano mai rufin tutiya, ya ɓata launi da ɗanɗano, wani ma ya zama illa ga mai sha. Duron da aka taɓa zuba mai ko sinadari a ciki ba ya wankuwa, ka rabu da shi.

Wanki mataki biyu ne. Da farko a cire datti da ruwan zafi da buroshi da sodar wanki, a ɗauraye sosai. Bayan nan a kashe ƙwayoyin cuta, ko da tafasasshen ruwa ko da maganin da aka yi don kayan sarrafa abinci. Maganin kashe ƙwayoyi ba ya aiki a kan datti, don haka ba a tsallake na farko. Ka guji bilic mai sinadarin kulorin, musamman a kan katako, don yana iya barin warin rima wanda ba ya fita. Ka tanadi ƙanƙara ko wuri a firji, ka sanar da masu taimako ranar da lokacin.

Ranar yanka

A shiga gona da asuba, da zarar an iya ganin hannu. Manyan gonaki a wurare masu zafi har da dare suke yanka da fitilu, duk don abu ɗaya: inabin da aka yanka yana da zafin digiri 15 a ma'aunin Celsius ya fi wanda aka yanka yana da 30 jimiri nesa ba kusa ba, kuma sanyaya tan guda na inabi mai zafi aiki ne da ƙaramar gona ba ta da ƙarfinsa. Idan raɓa ta yi yawa, a ɗan jira ta tsane. Idan rana ta take, a tsaya.

Kafin kowa ya kama layi, ka tara su ka nuna musu nono mai kyau da wanda ba a so. Hannu ɗaya ya tallabi nonon daga ƙasa, ɗayan ya yanke karan kusa da reshe. Ba a fizga. A ajiye shi cikin kwando a hankali, ba a jefawa. Yawancin raunin da ake ji a gonar inabi yankan yatsa ne, idan mutum ya cusa almakashi cikin ganye bai ga hannunsa ba, ko mutum biyu suna aiki a kuranga ɗaya, ɗaya ta nan ɗaya ta can. A sa safar hannu, a duba kafin a datse, a kuma lura da rina, don tana shigewa cikin ƙwayar da ta huje.

Kwando ya zama mai faɗi marar zurfi, kilo 10 zuwa 15, iyaka 20. Idan ya yi zurfi na sama zai danne na ƙasa, ruwa ya fito ya fara tsami tun a gona. Kada a cika shi har baki, domin idan an ɗora wani a kai kada ya matse. Wanda ya cika a kai shi inuwa nan take. Ganye da ƙasa da tsinken reshe ba sa shiga. Ƙananan nonnan da suka fito a makare can saman reshe, a bar su, ɗanyu ne.

Idan akwai wanda za a sayar don ci, shi a riƙe shi ta kara kawai. Farar hodar nan da ke jikin ƙwayar kariya ce da inabin ya yi wa kansa, kuma mai saye yana kallonta a matsayin alamar sabo. A sanyaya shi da wuri. Yana daɗewa a sanyin da ya kusa digiri 0 da danshi mai yawa.

Auna kowane kaya a sikeli ka rubuta, tare da layin da ya fito. Burin shi ne abin da aka yanka da safe a matse shi a ranar.

Tsincewa

Shimfiɗa tebur mai tsabta a inuwa, a juye kwando ɗaya-ɗaya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a nan maganar gaskiya ce tsantsa. A cire ƙwayoyin da ke da fumfuna mai ruwan toka, da waɗanda suka koma ruwan ƙasa suna warin khal da ƙananan ƙudaje a kansu, da ɗanyu, da waɗanda suka bushe ƙayau. Ka riƙa buɗa tsakiyar nonon da ya cushe, don daga ciki ruɓa take farawa inda iska ba ta kaiwa. Ka yi amfani da hanci. Mai baƙar fumfuna kuwa a zubar da shi ba ciniki, domin wasu nau'o'inta suna fitar da gubar da dafuwa ba ta kashewa.

Masu giya ba sa wanke inabi. Ga ruwan sha, idan akwai ƙura ko alamar feshi, a ɗauraye nonnan da ruwa mai tsabta, a bar su su tsane sosai kafin a ci gaba.

Cire tsinke da farfasawa

Tsinken inabi yana da bauri da ɗanɗanon ɗanyen ganye. Idan jan inabi ne da za a bar shi ya jiƙa da fatarsa ko a ɗumama shi, dole a cire. Ƙaramin inji mai hannun juyawa yana yin aikin biyu tare: yana fizge ƙwayoyin, yana tura tsinke gefe, yana wuce ƙwayoyin tsakanin abin murza guda biyu. Idan babu inji, a goga nonon a kan raga mai manyan idanu da aka ɗora a bakin mazubi.

Abin da ake so a fasa fata kawai. Ba niƙa ba ce. Idan abin murzan ya matsu har yana fasa 'ya'yan ciki, ɗaci da mai za su shiga ruwan, kuma ba sa fita. Ɗebi hannu ɗaya daga abin da ya fara fitowa ka duba. Idan ka ga ɗa ko ɗaya a fashe, ka buɗa tazarar. Wannan ne dalilin da har yau a kwarin Douro na ƙasar Fotugal wasu suke tattaka inabi da ƙafa a cikin kwamin dutse: tafin ƙafa yana fasa ƙwaya amma ba ya fasa ɗan ciki. Injin markaɗe na kicin bai dace da wannan aikin ba ko kaɗan. Kada kowa ya sa hannu cikin injin yana juyawa. Idan ya toshe, a kashe tukuna.

Mazubin da ake tara farfasasshen inabin kada ya wuce kashi uku cikin huɗu, kuma a rufe shi saboda ƙudaje.

Ruwan farin inabi yana komawa ruwan ƙasa idan ya sha iska. Mutane da yawa suna sa sinadarin salfait a nan domin ya rage wannan, ya kuma danne yisti da ƙwayoyin da suka zo daga gona. Abin da aka saba shi ne kimanin miligiram 50 a lita, wato wajen giram 9 na hodar fotasiyam metabaisalfait a lita 100, a narkar da ita a ɗan ruwa a gauraya. A auna da ƙaramin sikeli, ba da cokali ba. Wasu masu ciwon asma ba sa jure shi, shi ya sa a Turai da Amurka doka ta wajabta a rubuta a jikin kwalba idan ya wuce miligiram 10 a lita. Wanda inabinsa yake lafiyayye, mai sanyi, kuma zai dafa ruwan a ranar, yana iya barinsa.

Matsa

Ruwan yawancin jan inabi fari ne. Launin a fata yake. Ƙalilan ne, irin su Alicante Bouschet, suke da jan nama. Saboda haka idan ka matse jan inabi nan take, ruwa mai ɗan ja-ja za ka samu. Masu giya suna fitar da launin ta hanyar barin fatar ta tsimu tare da ruwan na kwanaki. Mai ruwan sha ba zai yi haka ba, shi zafi zai yi amfani da shi: a ɗumama farfasasshen inabin zuwa kimanin digiri 60, ana juyawa kada ya kama, a riƙe shi a nan minti 30 zuwa awa ɗaya, sannan a matse da ɗuminsa. Launi da ƙamshi za su fito, ruwan ma ya fi yawa. Kada ya tafasa, in ba haka ba ɗanɗanon dafaffe zai danne na inabin. Farin inabi kuwa kai tsaye ake matse shi da sanyinsa.

Ƙananan gonaki sun fi amfani da injin matsa mai kwandon katako da dunƙulen ƙarfe da ake murɗawa daga sama. Akwai kuma mai balan-balan ɗin roba a tsakiya, wanda ruwa ko iska ke hurawa ya danna inabin a jikin raga. Ko wanne ne, ka shimfiɗa ƙyallen tacewa a ciki, ka zuba, ka dakata. Ruwa mai yawa zai zubo da kansa tun ba a danna ba. Shi ne mafi kyau, ka tare shi daban.

Daga nan ka murɗa kaɗan har ruwa ya taho, ka tsaya ya rage gudu, ka sake murɗawa. Gaggawa a nan tana toshe hanyoyin da ruwan yake bi, sai ka ga ɓargon yana tsartuwa ta tsakanin katako, tsakiyar kuma tana nan jiƙe. Idan ya daina zuba, ka sassauta, ka buɗe, ka wargaza curin da hannu, ka sake matsawa. Irin inabin da namansa ke da santsi, kamar Concord, yana wahalar matsuwa. Ana taimaka masa da sinadarin da ke narkar da yauƙin 'ya'yan itace, ko a gauraya shi da wankakken ɓuntun shinkafa domin ruwa ya sami hanya.

Ka riƙe kofi a bakin injin kana ɗanɗanawa. Akwai lokacin da za ka ji tsami ya ragu, bauri ya taso. Nan ne wurin tsayawa, ko ka canza mazubi ka tara na ƙarshen daban. Lita biyar ɗin ƙarshe da aka tatso da ƙarfi suna iya rage darajar lita ɗari. Na ƙarshen ba asara ba ne, yana yin ruwan khal, ko a dafa shi ya yi kauri kamar yadda ake yin fekmez a Turkiyya.

Kwantar da gwiɓa

Ruwan da ya fito daga matsa gurɓatacce ne. Zuba shi a mazubi mai murfi, ka cika shi kusa da baki don iska ta ragu, ka sanyaya shi ƙasa da digiri 5 idan da hali. Wanda aka matse da ɗumi ya fi bukatar a sauke zafinsa da sauri, a tsoma mazubin cikin ruwan ƙanƙara. Bayan awa 12 zuwa 24 gwiɓar za ta kwanta. Ka sa mesa daga sama ka janye tataccen zuwa wani mazubin, ba tare da ka motsa na ƙasan ba.

Idan aka bar shi cikin sanyi kwana biyu ko fiye, wasu ƙananan duwatsu masu ƙyalli za su fito a gindi. Gishirin tsamin inabin ne, ba ya cutarwa, amma gara ya fito yanzu da ya fito a kwalbar mai saye ya zaci gilashi ne. A tace ta ƙyalle mai laushi.

Idan ba ka da abin sanyaya, kada ka yi wannan jiran. Ka tace ka dafa a ranar, gwiɓar ta kwanta a cikin kwalba. Ruwa mai ɗan duhu ya fi wanda ya fara juyawa.

Inda hanyoyi suka rabu

Akwai yisti a jikin fatar inabi da kayan aiki da iskar wurin. A yanayi mai ɗumi, cikin kwana ɗaya zuwa uku zai fara cin sukarin yana mayar da shi barasa da iskar kabon. Alamarsa ƙananan kumfa a gefen mazubi, da 'yar ƙara, da ɗanɗano mai cizon harshe. Mai giya wannan yake so. Mai khal yana barin wannan ya gama, sannan ya buɗe wa ruwan iska wasu ƙwayoyin su mayar da barasar tsami. Duk wanda zai bar inabi ya tsimu ya san cewa iskar da take fita ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a ƙasa, ba ta da launi, kuma tana kisa. Ba a yi a rufaffen ɗaki, ba a kuma zura kai cikin babban mazubi.

Mai ruwan sha dole ya tsayar da yistin kafin ya fara. Sanyi yana rage masa gudu ne kawai. Abin da ke tsayar da shi daskarewa ce ko zafi. Hanyar zafin ta samo asali daga binciken Louis Pasteur a shekarun 1860, kuma a 1869 Thomas Welch ya yi amfani da ita a Amurka ya adana ruwan inabin Concord ba tare da ya zama giya ba.

Ga yadda ake yi. Wanke kwalaben gilashi, ka duba bakinsu ko akwai tsaga, ka ɗumama su don kada su fashe. Murafu su zama sababbi. Cika kowace ka bar kimanin santimita 3 a wuya, don ruwan zai kumbura. Jera su a babbar tukunya da aka shimfiɗa wa ƙyalle ko raga a gindi, ruwan tukunyar ya kai wuyansu. Ka bar kwalba ɗaya a tsakiya da ma'aunin zafi a cikinta, domin zafin cikin kwalba ake aunawa, ba na ruwan tukunya ba. Idan ya kai digiri 80, ka riƙe shi a nan minti 20. Rufe su da zafinsu, ka kwantar da su na 'yan mintuna domin ruwan zafin ya taɓa cikin murfin, sannan ka tayar da su su huce a hankali, nesa da iska mai sanyi. Rubuta kwanan wata da irin inabin, ka ajiye a wuri mai duhu da sanyi. A makonnin farko ka riƙa dubawa. Wadda ka ga kumfa a cikinta ko murfinta ya kumbura, ta fara tsimuwa kuma tana iya fashewa. Ka lulluɓe ta da tawul ka buɗe a waje. Wadda aka buɗe don sha, firji za ta shiga, a shanye cikin 'yan kwanaki.

Idan daskarewa ka zaɓa, ka yi amfani da roba, ka bar kashi ɗaya cikin goma babu komai.

Kafin a kwanta, da bayan kaka

Wanki ba ya kwana. Ruwan inabin da ya bushe a jikin inji yana mannewa, kuma kafin safiya ƙudaje da ƙwayoyin khal sun mamaye shi, su ne za su shiga kayan gobe. A kwance injin, a wanke ƙyallaye da kwanduna da mesa da daɓen, a kife komai ya bushe.

Abin da ya rage a injin, wato fata da 'ya'ya da tsinke, yakan kai kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na nauyin inabin. A kwashe shi nesa da wurin aiki a ranar. Yana yin taki mai kyau idan aka gauraya shi da busasshiyar ciyawa da kashin dabbobi aka bar shi ya ruɓe watanni, amma ɗanyensa yana da tsami da yawa, ba a zuba shi a gindin kuranga. Shanu da tumaki suna ci idan an ba su kaɗan-kaɗan cikin sauran abinci. Karnuka kuwa a hana su kusantarsa, inabi da zabibi suna lalata musu ƙoda.

Kurangar ma ba ta gama aiki ba. Muddin ganyenta kore ne tana tara abinci a saiwa da gangar jiki, kuma da shi za ta fito da tohon baɗi. Ka ba ta ruwa sosai bayan yanka idan ƙasa ta bushe, ka ci gaba da kare ganyen daga cuta, kada ka yi saurin sassabe. Ka bi layi ka cire ruɓaɓɓun nonnan da aka bari, don a cikinsu fumfuna take kwana ta jira shekara mai zuwa. Ka naɗe raga ka adana. Sannan ka zauna da littafinka tun abin yana sabo a kai: ranar da launi ya juya, awon sukari da pH na kowane samfuri, ranar yanka, kilo nawa kowane layi ya bayar, lita nawa aka samu, layin da ya riga nuna da wanda ruɓa ta fi kamawa. Da waɗannan alƙaluman za ka san ranar da za ka fara ɗaukar samfuri baɗi, da layin da za a fara shiga, da yawan kwandunan da za ka ƙara.